Lemar ƙanena ta ƙi buɗewa daidai, ya ce mini wai ba komai ba ne

Iliya Tela, Zariya, Maradi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina cigiyar wanda ya san harkar dirowa daga jirgin sama da lema, soja ne ko farar hula, ya taimaka mini da bayani. Yau kwana uku rabona da barcin kirki.

Ni tela ne, shagona yana unguwar Zariya. Ina da ƙane, Nasiru, ciki ɗaya muka fito. Yana ɗan shekara 11 mahaifinmu ya rasu, kuma da wannan keken ɗinkin da nake takawa aka saya masa littafi da biro har ya samu bak, takardar gama sakandare. Ya yi shekara uku a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, daga nan Allah ya buɗa masa hanya ya wuce Faransa ƙarin karatu. Bara da damina ya fara turo mini hotunansa cikin wasu kaya riga haɗe da wando, da tabarau kamar na mai walda, wai ya shiga ƙungiyar masu dirowa daga jirgi. Na yi masa faɗa sosai. Ya ba ni haƙuri, ya ce da kuɗin wanke-wanken da yake yi da dare a wani gidan abinci yake biya, bai taɓa kuɗin karatu ba. Na ƙyale shi, kuma ban gaya wa Inna ba.

Ran Lahadi bayan isha'i ina kafa wuyan wata riga sai saƙonsa ya shigo ta WhatsApp. Bidiyo ne, wani da ke tsaye a ƙasa ya ɗauka. Da fari ɗigo kawai ake gani a sararin sama. Can sai lema ta buɗe, ruwan goro da shuɗi, amma maimakon ta tsaya bisa kansa sai ta kifa gefe guda, ta shiga wulwula shi kamar dutse a majajjawa. Daga baya na sake kallo na ƙirga, juyi bakwai ya yi. Sai na ga ƙyallen ya rabu da shi, iska ta tafi da shi kamar leda, yaron kuwa ya sulluɓo ba komai a bisansa. Mai ɗaukar ya ƙwala ihu da Faransanci. Ban san sa'ad da na miƙe ba, sai ƙarar almakashi na ji a siminti. Kafin in kai ƙarshen salati wani farin ƙyalle ya buɗe, ya tsaya daram, ya sauko da shi a hankali har suka ɓace bayan wasu itatuwa.

Nan take na kira shi, jikina na ɓari. Dariya na tarar yana yi. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ba komai ba ne. Haka takan yi wani lokaci, ai shi ya sa ake goya biyu." Wai tsallensa na 63 ke nan.

Wallahi wannan "ba komai" ɗin ya fi bidiyon tayar mini da hankali. Shekarata 22 ina sana'ar ƙyalle da zare. Ban taɓa ganin ɗinki ya warware haka kawai ba. Ko zaren ya ruɓe, ko allura ta yi tsallake, ko mai ɗinkin hankalinsa na wani wuri. To ƙyallen da ran mutum ke rataye a jikinsa, shi ne zai ƙi aiki a ce ba dalili?

Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini. Da gaske lema takan ƙi ba da laifin kowa ba? In ta biyun ma ta ƙi fa? Wa ke duba kayan nan kafin a hau jirgi? Kuma me zan tambaye shi, yadda ba zai lulluɓe ni da Faransanci ba? Sai batun Inna. Tana fama da hawan jini, ina tsoron in faɗa mata, ina kuma tsoron in ci gaba da ɓoyewa.

Baba Ajidan, Bagalam

Wa alaikumus salam ɗana Iliya. Jikata ta karanta mini rubutunka, ita ce kuma ke rubuta wanga, ni ina faɗa. Ni tsohon sojan lema ne, da muƙamin ajidan na yi ritaya, tsalle 74 ke cikin littafina. Farko dai barka, Allah shi ƙara tsarewa.

Lemarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Tamu zagayayya ce kamar an kifa ƙwarya, kuma ba kai ke buɗe ta ba. Akwai igiya da kake maƙalawa ga wata waya cikin jirgi, kana faɗawa ita ke fizgo lemar daga bayanka. Daga mita 400 ake sakinmu. Kana fita ƙofa ka ƙirga 331, 332, 333, wato daƙiƙa uku, ka ɗaga kai ka duba. In ba ka ga ƙwaryar ta cika ba, ka ja ta ko-ta-kwana wadda ke ɗaure ga cikinka, da Faransanci bantaral muke ce mata. Tasu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar katifa, ana tuƙa ta, kuma daga can ƙololuwa suke fitowa. Wanga sai masu yin shi su yi maka bayani. Amma duba kaya, wannan aikina ne, shekara da shekaru ina yin shi.

Mu kafin a shiga jirgi sai an jera mu layi. Mai duba shina bin mutum ɗaya-ɗaya, daga hular kwano har takalmi, kowane ƙarfe sai ya taɓa shi da hannu, kowane maɗauri sai ya ja ya ji. Ba da ido ake duba lema ba ɗana, da yatsa ake duba ta. In ya gama ya buga maka kafaɗa. Cikin jirgi kuma in an ce a miƙe, kowa shi duba na gabanshi.

Bari in ba ka labarin da ban cika ba mutane ba. Wata safiya da hunturu, ina da tsalle arba'in da wani abu, har na fara taya sababbi ɗaura kaya. An duba ni ƙasa, komi daidai. Muna cikin jirgin soja C-130, jan fitila ta kama, muka miƙe muka maƙala igiyoyi, ƙofa buɗe, iska da ƙugin inji ba ka jin ko muryar kanka. Sai na ji ana dukan kafaɗata daga baya. Wani yaro ne ɗan wajen Dakoro, tsallenshi na uku, tun ƙasa na ga leɓenshi ya bushe don tsoro. Na ɗauka tsoron ne ya sa shi riƙe ni, na ture hannunshi. Bai bari ba. Ya cafki damtsena na dama ya ɗaga da ƙarfi, sai ga igiyata ta bi ta ƙarƙashin hammata. Wajen miƙewa na juya na gyara jakar da ke ƙafata, igiyar ta zagayo, ban ji ba. Mai sakin mutane a ƙofa ya zo ya warware ta, ya dube ni ido cikin ido bai ce uffan ba. Ko minti guda ba a yi ba koren fitila ya kama.

Na san abin da igiyar ga ke yi in mutum ya fita da ita a haka, don na ga wanda ta yi wa. Nauyinka duka da gudun jirgi a kan damtse guda suke sauka. Ta zare mishi naman hannu, har ya bar aiki bai ƙara ɗaga bokitin ruwa da shi ba. Ni da nake ganin na ƙware, yaro mai tsalle uku ya cece ni, don shi tsoro bai bar idonshi ya huta ba. Tun ran nan sabon shiga bai taɓa ba ni tsoro kamar mai tsalle hamsin ko sittin ba. A nan ne tsoro ke fita, ƙwarewa kuwa ba ta gama shiga ba. Ƙanenka daidai wurin shike.

Kuma lema ko ba a sama ba tana son kulawa. Filayenmu ka san su, karangiya da ƙaya da rairayi. In an dawo sai an rataye kowace an kakkaɓe, an tsince karangiya ɗaya-ɗaya. Rana na cin lailon, ruwan batir na cin shi, danshi na ɓata shi. Wanda ya ninke sai ya sa hannu ga ɗan littafin lemar, da kwanan wata.

Kada ka yi mishi tsawa. Abu guda ya yi daidai: da ta ƙi, ya rabu da ita cikin lokaci, hannunshi ya yi abin da aka koya mishi. Ka yaba mishi wannan tukuna. Sannan ka tambaye shi wa ya ninke lemar da ta ƙi, kuma da aka tsinto ta mi aka gani a jikinta. Lemar da aka yar ba ɓacewa take ba, ana zuwa a ɗauko, kuma tana faɗin gaskiya. In ya ce maka bai sani ba, to bai kamata shi sake hawa jirgi ba sai ya sani.

Maman Halima, Ali Ɗan Sofo

Baba Ajidan ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Amma ku aikin ƙasa ya kai ku, umurni aka ba ku. Wannan yaro kuɗi yake biya a kai shi sama ya faɗo. Ni ban ga abin da zai sa marayan da aka sha wuya a kansa ya riƙa wasa da ransa haka ba. Allah ya ce kada mu jefa kanmu da hannayenmu zuwa ga halaka, yana nan a Baƙara aya ta 195. Malamai su ne za su ce ko wannan ya shiga ciki, amma ni uwa ce, a wurina ya shiga.

Malam Iliya, batun Innarku nake so in yi maka magana. Ka faɗa mata. A 2014 lokacin da zinaren Jado ya tashi, ɗana na biyu ya bi mota ya tafi, yayyensa suka haɗa baki suka ce mini yana Yamai wurin kawunsa. Wata biyu ina yi masa addu'ar zaman Yamai, ashe yana cikin hamada yana shiga rami. A gidan suna na ji, a bakin wata mata da ta ɗauka na sani, ana tsaka da rabon goro. Ya dawo lafiya, alhamdu lillahi, amma har yau in na tuna ƴaƴan da na haifa sun zauna sun yanke abin da zan sani da wanda ba zan sani ba, sai zuciyata ta yi ɗaci. Bidiyon nan da ya zo wayarka, ka tabbata kai kaɗai ya tura wa? Gobe yana wayar wata maƙwabciya.

Kada ka nuna mata hoton. Ka bari ta sha maganinta, ka zauna kusa da ita, ka fara da cewa yana lafiya kuma yanzu kuka gama magana. Addu'arta ma haƙƙinsa ce, kada ka tare masa ita.

Bashir, ɗan Sabon Gari mazaunin Faransa

Yaya Iliya sannu da wannan tashin hankali. Baba Ajidan, Maman Halima, ina gaishe ku. Shekarata tara a nan, kuma ina wannan wasa, na haura tsalle 500. Sau ɗaya na taɓa yar da babbar lema na sauka da ta ko-ta-kwana.

Maganar Nasiru tana da gaskiya rabi. Ko gwani ya ninke, lema kan ƙi wani lokaci, don ƙyalle ne da igiyoyi ake jefawa cikin iskar da ke gudun kilomita 200 a awa. Abin da aka saba faɗa shi ne kimanin sau ɗaya cikin tsalle dubu. Amma yadda ka kwatanta, tana buɗewa ta kifa gefe ta hau juyi, ga shi mai tsalle 63 babbar lema mai sanyin hali ake ba shi, ni zargina ya fi tafiya kan birki. Lemarmu tana da igiyoyin birki biyu, dama da hagu, da su ake tuƙi. Wajen ninki ana ja kowace a soke ta da mariƙinta don lemar ta buɗe a natse. In ɗaya ba ta soku da kyau ba, sai ta kuɓuce wajen buɗewa, gefe guda na gudu gefe guda na riƙe, dole ta juya. In mutum ya yi sa'a sai ya saki ɗayan birkin ta daidaita. In kuwa igiyoyin sun riga sun tufke kamar igiyar rama, birkin ya maƙale a ciki, juyin sai ƙaruwa, kuma kowane juyi ƙasa yake kai ka. Zargi ne nake yi daga nesa, amsar tana wurin waɗanda suka tsinto lemar, kamar yadda Baba ya ce.

Rabuwar da ka gani ba tsinkewa ba ce. A kowace kafaɗa akwai zobba uku, babba da matsakaici da ƙarami, wani ya ratsa cikin wani, wata waya mai ruwan ɗorawa ta riƙe na ƙarshen. Wani Ba'amurke, Bill Booth, ya ƙirƙiro su a shekarun 1970. Ka ja mariƙin da ke ƙirjinka na dama, wayoyin su zare, zobban su warware, lemar ta tafi. Sannan ka ja na hagu, ta ko-ta-kwana ta fito. A Amurka ƙa'idar da ake koya wa sababbi ita ce kada su wuce ƙafa 2,500, wato wajen mita 760, ba su yanke shawarar yar da lemar da ta ƙi ba. Dalili kuwa, mutumin da ke faɗowa ba lema yana cin wajen mita 55 a daƙiƙa guda, rabin filin ƙwallo ke nan.

Ta biyun ba Nasiru ke ninke ta ba, ni ma ban isa in taɓa tawa ba. Akwai masu takardar izini na musamman, su ke buɗe ta su bi ta ɗinki-ɗinki, igiya-igiya, su ninke, su rubuta a kati. Ko ba a yi amfani da ita ba, a Faransa duk shekara sai an sake, a Amurka duk kwana 180. In sun gama sukan ɗaure allura, wato ɗan ƙarfen da ke rufe jakarta, da ɗan jan zare, su matse da hatimin darma, yadda in wani ya taɓa za a gani. Tana iya ƙi? Tana iya, ba zan yi maka ƙarya ba, amma da wuya ƙwarai. An gina ta ne don buɗewa da sauri, ba don daɗin tuƙi ba.

Akwai kuma ƴar na'ura a cikin jakar, wadda a filayen Faransa dole ne kowa ya kasance da ita. Wadda ta fi suna ita ce CYPRES. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya shiga ƙera ta bayan abokinsa ya mutu a 1986, ta fito kasuwa a 1991. Matsin iska take aunawa. In ta ga ka iso wajen mita 225 kana gudun da ya wuce mita 35 a daƙiƙa, ko suma ka yi, sai ta datse igiyar da ke rufe ta ko-ta-kwana, lemar ta fito da kanta. Sai dai dole a kunna ta a ƙasa, a filin da za a sauka, a tsaya a ga ta gama ƙirgenta ta nuna sifili, kuma bayan awa 14 kashe kanta take yi. Sannan a irin abin da ya sami Nasiru ba lalle ta yi komai ba, don lema mai juyi takan rage gudun mutum ƙasa da abin da take jira. Hannunsa ne ya fitar da shi.

Duba da muke yi uku-uku ne: zobba uku, maɗaurai uku, na ƙirji da na cinyoyi biyu, sai mariƙai uku. Ana yi kafin a goya, a sake kafin a hau jirgi, a sake kafin a buɗe ƙofa, kuma wani ya ɗaga murfin bayanka ya duba maka allura, tunda ba ka ganin bayanka. Kai da kake tela wannan zai ba ka mamaki: duk jakar babbar lema, abin da ke rufe da ita ƴar igiya ce mai zarge a baki, kaurinta bai kai mazagin wando ba, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da aka zura a zargen. Kwanaki na ɗaga wa wani murfi muna layin hawa jirgi, na ga igiyar ta yi gashi-gashi, farcena na sa sai zarurruka suka tashi. Ya ce za ta kai yamma. Na kira shugaban fili, aka fitar da shi daga layi. In ta tsinke mutum na bakin ƙofa, lema na iya fita ta naɗe wutsiyar jirgi, ba shi kaɗai ba, duk wanda ke ciki ya shiga uku. Canza ta minti biyar ne, kuɗinta bai kai na shayi ba.

Ƙungiyar masu lema ta Amurka, USPA, ta ce a 2023 an yi tsalle kimanin miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka rasu. Kuma wanda ke bin rahotannin nan ya san da yawa cikin masu rasuwa lemarsu lafiya lau ta buɗe. Karya kwana suke yi dab da ƙasa, ko su sayi ƙaramar lema mai gudun da ya fi ƙarfinsu. Maman Halima, ba zan ce miki babu haɗari ba, akwai, kuma ni ma mahaifiyata ba ta so.

Yaya, bayan tambayoyin Baba ka ƙara da waɗannan: a mita nawa ya buɗe, a mita nawa ya yar, minti nawa ya ɗauka yana ninkin, kuma me shugaban fili ya ce masa bayan ya sauka. Ka ce ya ɗauko maka hoton katin ta ko-ta-kwana da jan zaren.

Iliya Tela, Zariya, Maradi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na dawo in ba ku labarin yadda aka yi.

Ran Alhamis da dare na sallami yaran shago, na rufe ƙofa, na kira shi ta bidiyo don in ga fuskarsa. Na rubuta tambayoyinku a bayan littafin awo. Na fara da yabon da Baba ya ce, na ga ya saki jiki. Sai na ce, "Nasiru, wa ya ninke lemar?" Ya ce shi ne. Na ce, "Da aka tsinto ta me aka gani?" Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana murza zoben hannunsa, abin da yake yi tun yana yaro in an kama shi. Can ya ce, "Yaya, wa ya gaya maka ka tambayi wannan?"

Bashir, kamar kana wurin. A wata gonar alkama suka tsinto ta, birkin dama na soke a wurinsa, na hagu a sake. Ya sauka daga tsalle na 62 ke nan aka yi shela saura minti 15 jirgi ya tashi, wuri guda ya rage, kuma abokansa duk suna ciki. Ninkin da yakan yi cikin rabin awa, ya yi shi a ƙasa da rabin haka. Ya ce har yanzu ya kasa tuna ko ya soke birkin hagun ko bai soke ba, wurin fayau yake a kansa. An duba masa zobba da maɗaurai da allura kafin ya hau, duk lafiya, amma birki yana can cikin jaka inda ba mai gani sai wanda ya ninke. A mita 1,200 ya buɗe, ya tsaya kokawar warware igiyoyi, bai yar ba sai wajen 800. Shugaban fili ya zaunar da shi a gaban kowa ya nuna lemar, ya ce ba zai ƙara goya ninkinsa ba sai ya ninke sau goma a gaban malami. Kunya ce ta sa shi yi mini dariya ran Lahadi. Da ya kai nan a labarin muryarsa ta karye, ya ce tun ranar in ya rufe ido ƙasa yake gani tana juyawa.

Ban iya yi masa faɗa ba, don na san wannan wurin da ya ce fayau yake a kansa. Kowane tela ya san shi a daren Salla. Ƙarfe ukun dare, mai kaya na zaune a benci yana duba agogo, hannunka na tafiya shi kaɗai. Akwai shekarar da wani dattijo ya dawo mini daga Idi riƙe da hammatar rigarsa, na bi sawu na ga ban mayar da ɗinki a wurin ba sam, kuma da za a rantsar da ni a lokacin da na rantse na mayar. Ni haƙuri na bayar na gyara. Na ce masa, "Kai wa za ka ba haƙuri?"

Jiya Asabar ya je filin, bai hau ba, ninki ya yi sau huɗu a gaban malamin. Ya turo hoton katin da sabon kwanan wata da sa hannu, da ɗan jan zaren da darmarsa kamar ƙwayar wake. Na daɗe ina kallon zaren nan. Ina da irin launinsa a kwalin zarena.

Maman Halima, na bi maganarki. Ran Juma'a da na dawo masallaci na same ta a tabarma ta sha magani, na fara da cewa yana lafiya. Ta saurare ni har ƙarshe carbi na hannunta. Abin da ta fara tambaya shi ne tun yaushe na sani. Da na ce tun bara, ta dube ni ta kau da kai, wannan kallon ya ishe ni. Sannan ta ce in kira mata shi. Ta ce masa ita ba ta yarda ba. Ya roƙe ta ta bari sai ya zo hutu a watan Agusta su yi magana baki da baki, ya kuma yi mata alkawarin ba zai hau jirgin ba kafin nan. Ni dai in so samu ne ya bari har abada, amma na ji yadda yake maganar abin, na san ba ƙaramin wuri ya kama a zuciyarsa ba.

Baba Ajidan, in ya zo, ka ba ni izini in kawo maka shi?

Baba Ajidan, Bagalam

Ka kawo shi ɗana. Bayan la'asar ina ƙofar gida kullum, ka tambayi gidan Ajidan kowa zai nuna maka. Ka ce shi taho da littafin tsallenshi, ina son in ga abin da ya rubuta da hannunshi a shafi na 63. Nawa ma shina nan cikin akwati, zan sa jikata ta fiddo shi. Ka gaida Innarku, ka ce ina yi mata barka.